Wa Ya Biya Kuɗin Yabon?

A shekarar 2006 wani ɗan kasuwa mai suna Ted Murphy ya buɗe kamfani a birnin Orlando da ke jihar Florida ta Amurka, ya raɗa masa suna PayPerPost. Sana'ar kamfanin ba ta da wuyar ganewa. Mai haja zai zo ya ce ga abin da yake so a rubuta a kan kayansa, ga kuma dalar da zai biya. Masu rubutu a shafukan kansu na intanet, waɗanda ake kira bulog, su leƙa jerin ayyukan da ke ƙasa, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa, ya rubuta, a biya shi. Abin da ya ta da ƙura shi ne, da farko ba a wajabta wa marubuci ya gaya wa masu karatunsa cewa biyansa aka yi ba, kuma mai haja yana iya gindaya sharaɗin cewa sai rubutun ya zama yabo. Ke nan mai karatu zai buɗe shafin wanda ya saba jin ra'ayinsa a kan girki ko rainon yara, ya tarar yana koɗa wani kamfanin ba da rance, ya ɗauka shawara ce ta tsakani da Allah. 'Yan jarida da masu manyan shafukan fasaha suka yi wa kamfanin ca, har kafin shekarar ta fita ya mayar da bayyana biyan kuɗi dole. A ƙarshen 2007 kuma Google ya zabge makin da yake ba ɗimbin shafukan da ke cikin harkar, wasu har zuwa sifili. Kamfanin ya sauya suna zuwa IZEA, ya ci gaba da dillancin talla.

Wannan taƙaddama ta kai kusan shekara ashirin, amma tambayar da ta haifar yanzu ta iso ƙofar gidanmu. Abin da ake yi a bulog a wancan lokaci ya bazu zuwa shafin Facebook, bidiyon TikTok, tashar YouTube da sitatus na WhatsApp, kuma da Hausa ake yin sa. Mai turaren wuta da humra da ke sana'a daga ɗakinta a Maiduguri, mai atamfa a Kantin Kwari, mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, duk sun gane cewa kalma ɗaya daga bakin mai mabiya dubu ɗari tana iya kwashe kayan da suka yi wata a ajiye. Su ma masu mabiyan sun gane haka, sun kuma sa wa kalmar farashi. Ra'ayina a kan wannan ciniki shi ne babu aibi ga wanda ya ɓata lokaci da data da basira ya tara masu sauraro ya ci abinci da su. Aibin yana wurin ɓoye cewa an biya shi, kuma bayan mai saye, babu wanda ɓoyewar take cuta kamar ƙaramin ɗan kasuwa na gaskiya, wato wanda ake cewa don shi ake yin ta.

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san ta inda kuɗi ke shiga aljihun mai rubutu a intanet, domin hanyoyin ba ɗaya ba ne. Akwai tallan da na'ura ke liƙawa a gefen rubutu ko a farkon bidiyo. Google ya fara wannan tsari mai suna AdSense a 2003, yana ba mai shafi kusan kashi 68 cikin ɗari na kuɗin tallan, kuma ba ya biya sai kuɗin sun taru sun kai dala ɗari. YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu bidiyo a 2007, yana ba su kashi 55, kuma a 2018 ya sa sharaɗin mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a shekara. A wannan tsari kowa yana ganin talla a matsayin talla, kuma marubucin ma sau da yawa bai san kamfanin da zai fito a shafinsa ba. Akwai kuma wanda masu karatu ke biya kai tsaye duk wata, kamar yadda ake yi a Patreon tun 2013 da Substack tun 2017, inda Substack ke cire kashi goma ya miƙa saura. Nan ma babu duhu, wanda ya biya shi ne wanda ya karanta. Inda magana take shi ne sauran hanyoyi biyu: la'adar da ake ba marubuci idan wani ya latsa mahaɗin da ya saka ya sayi kaya, tsarin da Amazon ya yaɗa tun 1996, da kuma biyan kuɗi ko kyautar kaya don a yi rubutu ko bidiyo a kan haja. A waɗannan biyun kuɗin yana shiga cikin maganar marubucin kanta, ya cuɗu da ra'ayinsa, ta yadda mai karatu ba zai iya rabe su ba sai an gaya masa.

Bahaushe bai taɓa ƙyamar wanda ke cin abinci da haɗa mai saye da mai sayarwa ba. Duk wanda ya shiga kara a Wudil ko Maigatari ko Potiskum ya san dillali, ya san la'ada, ya san kuma cewa idan dillali yana yabon sa, akwai rabonsa a cikin cinikin. Sanin nan shi ne ke tsare mai saye. Yana sauraron dillali don ya fi shi sanin dabba da farashinta, amma yana rage wani abu daga yabon, ya buɗe bakin san ya duba haƙora da kansa. Dillalin ma yana taka-tsantsan, don ya san mako mai zuwa a nan za a same shi. Abin da kasuwa ba ta yarda da shi ba shi ne mutumin da zai tsaya a gefe kamar shi ma saye ya zo yi, yana taya dabba da tsada yana koɗa ta, alhali sun ƙulla da mai ita. Malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa wannan suna, najashi, kuma haramcinsa sananne ne. Dalilin haramcin a fili yake: mai saye ya gina hukuncinsa a kan shaidar wanda ya ɗauka ba shi da rabo, alhali yana da shi. Mai shafin da ya karɓi dubu hamsin ya fito yana cewa shi dai ya gwada wannan sabulu ne ya ga ya kamata ya sanar da 'yan'uwa, a wannan layi na biyu yake tsaye.

Me ya sa yabon baƙo yake da tsada har ake sayensa? Wani masanin tattalin arziki, Michael Luca, lokacin yana Jami'ar Harvard, ya auna abin da ƙididdiga. Ya haɗa taurarin da masu cin abinci ke ba gidajen abinci a shafin Yelp da bayanan cinikin gidajen abincin birnin Seattle, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara ciniki da kashi biyar zuwa tara cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, wannan tasiri a kan ƙananan gidajen abinci masu zaman kansu ya bayyana, bai taɓa manyan kamfanoni masu rassa ko'ina ba. Dalili a fili yake. Babban kamfani sunansa ya riga ya yi masa shaida, kowa ya san abin da zai tarar. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ba shi da abin da zai nuna wa wanda bai san shi ba sai bakin waɗanda suka taɓa saye. A ciniki ta waya wannan ya fi tsanani, domin mai saye a Kaduna zai tura kuɗi zuwa asusun wadda bai taɓa gani ba a Sakkwato, ya zauna jiran direban mota ya kawo saƙo. Bai taɓa kayan ba, bai shinshina turaren ba. Abin da ya dogara da shi kawai shi ne maganar wasu.

Duk abin da ya yi daraja haka, sai an sami masu yin jabunsa. A 2013 ofishin babban lauyan jihar New York ya ɗana tarko: jami'ansa suka yi kamar suna da shagon sayar da yogot a unguwar Brooklyn, suka nemi taimakon kamfanonin da ke gyara sunan 'yan kasuwa a intanet. Wasu daga cikinsu nan take suka yi tayin rubuta yabon ƙarya. Bincike ya nuna ana ɗaukar marubuta a Filifin da Bangaladash da gabashin Turai, ana biyansu dala ɗaya zuwa goma a kan kowane tsokaci game da shagon da ba su taɓa gani ba. Kamfanoni 19 suka amince su biya tarar da ta haura dala 350,000. A 2015 Amazon ya kai ƙarar mutum 1,114 da ke sayar da yabo a shafin Fiverr a kan dala biyar. A 2017 kuma wani marubuci a Landan, Oobah Butler, wanda shi kansa ya taɓa rubuta yabon ƙarya ana biyansa, ya yi wa rumfar da yake zaune a ciki rajista a shafin TripAdvisor a matsayin gidan abinci, abokansa suka yi ta zuba yabo, har ta zama ta ɗaya a duk gidajen abincin Landan ba tare da ta taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba. Luca da abokin aikinsa Georgios Zervas sun duba gidajen abincin Boston, suka tarar Yelp yana tace kusan kashi 16 na tsokacin a matsayin abin zargi, kuma waɗanda sunansu bai yi ƙarfi ba su suka fi faɗawa cikin sayen yabo.

A nan ne cutar take komawa kan mai gaskiya. Tun 1970 George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2001, ya bayyana abin da ke faruwa da kasuwar da mai saye ba ya iya rabe mai kyau da mara kyau. Ya yi misali da tsofaffin motoci: idan mai saye ya san akwai ruɓaɓɓu a ciki amma bai san ko wacce ba ce, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ya taya kowace da arha. Mai mota mai kyau ya ga ba zai sayar da asara ba, ya janye, kasuwa ta rage sai ruɓaɓɓu. Haka yabo yake. Ranar da mutane suka gane cewa rabin masu cewa sun gwada sun ji daɗi biyansu aka yi, ba su da hanyar sanin wane rabin ne, sai su daina yarda da kowa. Matar da ta shekara biyar tana haɗa turare mai kyau, wadda abokan cinikinta ke yaba mata da zuciya ɗaya, shaidarsu ta zama daidai da ta wanda ya sayi baki jiya. Babban kamfani zai koma rediyo da talabijin da allunan kan titi. Ita kuwa wannan shaida ce kaɗai jarinta, kuma wasu ne suka cinye mata shi.

Za a ce, ai kowa ya san talla ne, mutane ba yara ba ne, wa zai ga tauraruwar fim riƙe da kwalbar man shafawa bai gane ba? Amsar tana cikin halin masu biyan kuɗin kansu. Da a ce kowa ya sani, da babu mai damuwa ko an faɗa ko ba a faɗa ba, amma sai ga shi masu haja suna nacewa a yi shi kamar ba talla ba. A 2015 kantin tufafi na Lord & Taylor a Amurka ya ba mata hamsin masu mabiya a Instagram riga iri ɗaya, ya biya kowacce tsakanin dala dubu ɗaya zuwa dubu huɗu, ya duba hotunan da kalamansu kafin su wallafa, kuma babu wadda ta ce biyanta aka yi. Rigar ta ƙare a kanti cikin ɗan lokaci. Mai kallo ya ga mata hamsin masu ado sun zaɓi riga ɗaya a ƙarshen mako ɗaya, ya ɗauka yayi ne ya taso da kansa. Wannan zaton shi ne abin da kantin ya saya, kuma shi ya sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tuhume shi, suka daidaita a 2016. A wajenmu ma hujjar ta fi rauni. Mai bin shafin malamar girki ko mai ba da shawarar zaman aure shekara da shekaru yana kallonta kamar yaya ko uwa, kuma da yawa daga masu kallon ba su daɗe da riƙe babbar waya ba, ba su san ana sayar da irin wannan magana ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Mai rubutu da Hausa yana cikin matsi na gaske. An daɗe Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa, kuma ko a inda ake biya, kuɗin tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo a Amurka ba, domin masu talla suna biya ne gwargwadon abin da suke sa ran mai kallo zai kashe. Biyan kuɗin wata-wata don karatu bai zama al'ada ba tukuna. Ga kuɗin data, ga na caji, ga waya mai kyamara. To idan tallan 'yan kasuwa shi ne kaɗai abin da ya rage, kuma faɗin cewa talla ne zai rage masa ƙarfi, ashe ba an ce mutum ya yanke hanyar abincinsa ba? Na yarda cewa a rubutu ɗaya, yabon ɓoye yana iya fin na fili sayar da kaya. Amma marubuci ba rubutu ɗaya zai yi ya daina ba. A 2003 wani ɗan jarida a Ingila, Martin Lewis, ya buɗe shafin ba talakawa shawara a kan bashi da banki da kuɗin wuta, MoneySavingExpert, da jarin da bai wuce fam ɗari ba. La'ada yake ci, amma duk mahaɗin da ke kawo masa kuɗi yana sa masa alama, kuma yana ba da shawarar abin da ya fi ko da babu la'ada a cikinsa. A 2012 aka sayi shafin a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 87. Haka Wirecutter, wanda Brian Lam ya kafa a 2011 don gwada kayan amfanin gida da na lantarki, yana faɗa a fili cewa yana samun la'ada, kuma jaridar New York Times ta saye shi a 2016 a kan sama da dala miliyan 30. Kasuwarsu ta fi tamu kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ba kowa zai kai can ba. Sai dai abin da aka biya waɗannan miliyoyi dominsa shi ne mutane suna dawowa saboda ba a taɓa yaudararsu ba, kuma wannan abu ne da mai mabiya dubu biyar a Zariya ma yake iya mallaka.

Akwai masu sukar daga ɗaya gefen, su ce bayyanawa ba ta isa ba, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ko ya ce talla ne, ba zai faɗi aibin kayan ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin bayyanawa ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Tana gaya wa mai saye ya rage wani abu daga yabon, amma ba ta halatta ƙarya. Akwai kuma hajar da ko an rubuta talla da manyan baƙaƙe, mai mutunci bai kamata ya ɗauka ba. Ta farko ita ce magani. Shafukan Hausa cike suke da masu cewa garinsu ko tsiminsu yana warkar da ciwon suga, hawan jini, sikila da rashin haihuwa a lokaci ɗaya, kuma mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda bidiyon wanda ya yarda da shi yana iya rasa ƙafa ko ƙoda. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. Ta biyu ita ce harkar zuba kuɗi. 'Yan Najeriya sun ga yadda MMM ya rufe asusun mutane a Disamban 2016, sun sake ganin rushewar CBEX a Afrilun 2025, kuma irin waɗannan tsare-tsare da bakin waɗanda aka yarda da su suke yaɗuwa, domin kowa yana da la'ada a kan wanda ya jawo. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu irin wannan damfara. A Amurka, a 2022 Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba tare da ta bayyana dala 250,000 da aka ba ta ba, duk da ta saka 'yar alamar talla a ƙarshen saƙon. A harkar zuba jari dokarsu tana so a faɗi har adadin kuɗin.

Wannan ya kawo mu ga hukuma. Amurka ta ɗauki hanyar tilasta bayyanawa. A 2009 FTC ta sabunta ƙa'idojinta ta ce duk wata alaƙa tsakanin mai yabo da mai haja, kuɗi ne ko kyautar kaya ko aiki ko dangantaka, sai an faɗe ta. A 2010 ta tuhumi kamfanin Reverb, wanda ma'aikatansa ke shiga kantin iTunes suna yabon wasannin abokan hulɗarsu kamar su masu saye ne. A 2024 ta kafa dokar da ta haramta saye da sayar da tsokacin ƙarya, har da wanda aka sa kwamfuta ta rubuta, da sayen mabiyan bogi, da tarar da ta haura dala dubu hamsin a kan kowane laifi. Birtaniya ta bi sahu a Afrilun 2025. Najeriya kuwa ta fi karkata ga tantancewa kafin wallafawa. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin APCON ta ba hukumar iko a kan tallan intanet, kuma hukumar ta sanar cewa masu shafuka da masu barkwanci su ma sai an tantance tallansu kafin ya fita. Masu tsoron kada wannan ya zama takunkumi suna da hujja, musamman a ƙasar da ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021. Ni damuwata ta fi ƙarfi a wani wuri. Babu ofishin da zai iya duba dubban bidiyon da ake sakawa kullum, kuma kuɗin tantancewa da jiran amsa babban kamfani ne zai iya ɗaukarsu, mai kilishi ba zai iya ba. Dokar da ba a iya aiwatar da ita a kan kowa takan ƙare a kan wanda aka ga dama. A tsananta tantancewa a kan magani da harkar kuɗi, inda rai da dukiya suke cikin haɗari. A sauran kaya kuwa a wajabta bayyanawa, wadda ba ta cin ko sisi, kuma kowane mai kallo zai iya ganin an yi ko ba a yi ba, ya kai ƙara hukumar kare masu saye ta FCCPC.

Shi ma ƙaramin ɗan kasuwa yana da nasa lissafin, domin shi ake fi kawo wa tayin gajeriyar hanya: a sayar masa da mabiya dubu goma, a cika masa shafi da tsokaci, a ɗaga shi zuwa saman Google cikin mako guda. Mabiyan bogi ba sa sayen ko ƙyalle, kuma na'urorin da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutane suna lura da yawan masu amsawa, don haka shafin da ke da dubu goma amma mutum uku ke magana yana iya ƙara nutsewa. Sayen matsayi a Google kuma ya kayar da waɗanda suka fi shi ƙarfi. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗan da aka saya suka ɗaga kantin J.C. Penney, Google ya tura shi can ƙasa, kantin ya ce bai sani ba ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin. A 2013 kamfanin furanni na Interflora a Birtaniya ya ɓace na wasu kwanaki daga sakamakon bincike, har wanda ya rubuta sunansa ba ya ganinsa. Goge ƙorafi ma bai tsira ba, don a 2022 kamfanin tufafi na Fashion Nova ya amince ya biya dala miliyan 4.2 bisa zargin ɓoye tsokacin da bai kai taurari huɗu ba. Kuɗin da za a kashe a nan ya fi amfani a hoto mai kyau na ainihin kayan, da farashi a fili, da aika saƙo a ranar da aka yi alkawari, da kuma barin ƙorafin mai saye a inda yake tare da amsa mai ladabi a ƙarƙashinsa. Idan kuma za a biya mai mabiya, a biya shi ya yi talla da sunan talla, a ba shi kayan ya yi amfani da su kafin ya buɗe baki.

Sauran magana ita ce yadda za a yi bayyanawar, don ana iya yin ta a kuma ɓoye ta. Jagorar da FTC ta fitar wa masu shafuka ta ce a sa ta inda ido ba zai tsallake ba, kada a binne ta cikin tarin alamomi a ƙarshen saƙo, a bidiyo a faɗe ta a cikin bidiyon kansa, kuma a yi ta da harshen da aka yi yabon. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi shafarmu. Haruffan Turanci biyu, wato AD, a ƙasan bidiyon da aka yi da Hausa daga farko har ƙarshe ba su gaya wa dattijuwar da ke kallo a wayar jikanta komai ba, kuma da yawa daga masu sauraron Hausa da kunne suke bin intanet, ta saƙon murya da bidiyo. Saboda haka a faɗa da baki, da Hausa, tun kafin a fara yabon: wannan talla ne, masu kayan sun biya ni, ko sun ba ni kyauta, ko ina da la'ada idan kun saya, ko kuma mai shagon ƙanwata ce. Idan bidiyon kai tsaye ake yi, a maimaita lokaci zuwa lokaci saboda waɗanda suka shigo daga baya.